Kazar da Ta Kasa Ɗaukar Jikinta

'Yan'uwa manoma na Gusau da Tsafe da Bungudu, kowace shekara idan kaka ta yi, ƙungiyoyinmu na gama kai sukan zauna shawara a kan 'yan tsakin da za a saya domin kasuwar Kirsimati da sabuwar shekara, waɗansu kuma domin Sallah. Maganar kuɗi ce takan cinye lokacin taron: nawa ne tsako, nawa ne buhun abinci, wa zai ba da rance. Amma a 'yan shekarun nan wata tambaya ta shigo. Mutane suna jin ana gardama a rediyo a kan wake da masara da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, sai su dubi farar kazar nan ta gidan gona, wato burola, wadda take kai kilo biyu cikin mako shida, su ce, "Anya wannan ba irin aikin nan ba ne? Ya dace mu yi kiwonta?"

Amsa a taƙaice ita ce, burolar da ake sayarwa a Gusau ba a ɗakin bincike aka sauya ta ba. Amma kada wannan ya sa mu saki jiki, gama abin da mutane suke tsoro sabuwar dabara za ta yi wa dabba, tsohuwar dabara ta riga ta yi wa wannan kaza.

Yadda aka sami burola

Kowace halitta tana ɗauke da waɗansu ƙananan ƙwayoyi a jikinta, ido ba ya ganinsu, su ne suke sa ɗa ya ɗauko kamannin iyayensa. Masana suna ce da su ƙwayoyin gado. Bafulatanin da ya ware bijimi mai kyau ya bar shi cikin garke, ya dandaƙe sauran, da waɗannan ƙwayoyi yake aiki ko da bai san sunansu ba. Ta haka aka sami Bokoloji, da Bunaji fara, da Rahaji ja mai dogon ƙaho, da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har Turai. Wannan shi ne zaɓen iri.

Burola ma ta zaɓen iri aka same ta, sai dai zaɓe ne mai tsanani ƙwarai. A Amurka, a 1948 da kuma 1951, an yi gasa ta ƙasa baki ɗaya don a fitar da kaza mai faɗin ƙirji da saurin girma. Daga nan kamfanoni suka karɓi aikin. A auna dubban kaji, a ware waɗanda suka fi saurin girma da abinci kaɗan, a haɗa su, a yi haka shekara da shekaru. A 2014 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka ba da rahoton wani gwaji. Sun yi kiwon iri uku, irin 1957 da na 1978 da na 2005, da abinci iri ɗaya. Da aka kai kwana 56, kazar 1957 ta yi giram 905, ta 1978 ta yi giram 1,808, ta 2005 kuwa giram 4,202. Masu cewa allura ake yi wa kajin nan su kumbura, ga amsarsu ke nan. Ba allura ba ce, gado ne.

To, amma nama ya yi gaba ya bar ƙashi da zuciya a baya. Duk wanda ya taɓa kiwon burola ya san abin da muke nufi. Daga mako na huɗu sai ka ga waɗansu sun daina yawo, su yi taku biyu ko uku su zube kusa da kwanon abinci. Wata ƙafafunta su baje, wata cikinta ya cika da ruwa saboda zuciya ta gaza, wata kuwa da safe ka tarar da ita a rigingine ta mutu, alhali jiya lafiyarta ƙalau. A 2008 masana a Jami'ar Bristol ta Ingila suka duba kaji 51,000 a gidajen gona. Wajen kwana 40, fiye da kashi 27 cikin ɗari ba sa tafiya daidai, kashi 3 kuwa kusan ba sa iya tashi.

Wani zai ce ai kasala ce ta ƙiba, ba ciwo ba ne. An gwada wannan ma, a jami'ar nan, aka buga sakamakon a shekara ta 2000. Aka ajiye wa kaji abinci iri biyu, ɗaya da maganin kashe zafin ciwo a ciki, ɗaya babu. Guragun kajin suka fi lafiyayyun cin mai maganin, da suka ci kuwa tafiyarsu ta gyaru. Mukan ce dabba ba ta da bakin faɗar abin da yake damunta. Wannan kaza dai ta faɗa.

Akwai kuma abin da ba ma gani, wato iyayen tsakin da muke saya. Su dole su rayu fiye da shekara don su yi ƙwai, amma cin da aka gadar musu ba ya barin kaza ta daɗe. In aka bar su su ci su ƙoshi, ƙiba za ta hana su ƙwai, ta kashe da yawa. Saboda haka ake auna musu abinci ƙasa da abin da ransu yake so, su yi zamansu cikin yunwa. Farin talotalon gidan gona kuwa ƙirjinsa ya yi girma har namiji ba ya iya hawan mace, sai mutum ya ɗebi iri da hannu ya sa mata.

Kazar ƙasar sanyi a ɗakin kwano

An fitar da burola ne domin manyan ɗakuna masu fanka da na'urar daidaita zafi. Babbar burola tana jin daɗi idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 18 da 24. Mu kuwa a Gusau, cikin Afrilu da Mayu, yakan wuce 40. Kaza ba ta gumi. Abin da take iyawa shi ne ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Jikin da yake girma da irin wannan sauri kansa murhu ne. A zuba irin waɗannan kaji ɗari biyu a shago mai rufin kwano da taga ɗaya, ƙarfe uku na rana sai a shiga kwasar gawa. Mafi nauyin ne kuwa suke fara mutuwa, a mako na biyar ko na shida, bayan sun riga sun cinye kuɗin rancen. Tun kafin nan ma tsakin sun sha doguwar tafiya a kwali, gama yawancin manyan gidajen ƙyanƙyasa suna wajen Ibadan ne.

Ba laifin kowa ba ne da muka koma irin wannan kiwo. Satar shanu da rashin tsaro sun raba gidaje da yawa da garkensu. A Satumba 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi na wani lokaci. Wanda aka kore wa shanu, ko ya bar ƙauyensu ya dawo Tsafe ko Gusau, ba shi da makiyaya sai bayan ɗaki. Kiwo ya tashi daga daji ya shigo cikin gida, wato kiwon kulle. Shi ya sa maganar da Turawa suka soma shekara sittin da suka wuce ta zama tamu yau.

Su ma ba da sauƙi suka gane ba. A 1964 wata mata a Ingila, Ruth Harrison, ta rubuta littafi a kan yadda ake kulle kaji da aladu da maruƙa kamar injuna. Mutane suka ta da murya, gwamnati ta kafa kwamitin Farfesa Brambell, ya ba da rahoto a 1965. Daga wannan ne aka tsara, a 1979, abubuwa biyar da kowace dabbar kiwo take da hakki a kansu: kada ta zauna da yunwa da ƙishirwa, kada wurin zamanta ya takura ta, kada a bar ta da ciwo ko rauni, kada ta zauna cikin tsoro, a kuma bar ta ta yi irin abin da jinsinta yake yi. Na ƙarshen nan shi ne kejin waya yake hanawa. A tsohon kejin Turai, wurin da doka ta ba kowace kazar ƙwai bai kai faɗin takardar ofis guda ba. Tarayyar Turai ta hana wannan keji daga Janairu 2012. A nan kuwa ana tallarsa a matsayin ci gaba.

Gaskiya keji yana da amfaninsa. Ƙwai yana fitowa da tsabta, kaza ba ta taka kashinta, tsutsar ciki tana raguwa, ƙidaya kuma ba wuya. Amma kazar da take ciki ba za ta yi tono ba, ba za ta yi birgima a toka ba, ba za ta miƙe fukafukai ba, ba ta kuwa da lungun da za ta ɓuya ta yi ƙwai, har ranar da za a sayar da ita. Kazar gida takan yi ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, ta gidan gona wajen 300. Ɓawon kowane ƙwai daga abin da yake gina ƙashi ake yinsa, in abinci bai wadatar ba sai jiki ya cire daga ƙashinta. Shi ya sa tsohuwar kazar keji take karyewa a hannun mai kamawa.

Sabuwar dabara

Yanzu mu zo kan abin da ake kira sauya ƙwayoyin halitta. Iri biyu ne. Na fari, a ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta dabam a dasa a jikin wata. Na biyu ya bazu ne daga 2012, da aka gano wata dabara mai suna CRISPR. Da ita ake gyara ƙwayar da dabba take da ita tun asali, kamar malamin da ya goge harafi ɗaya a allo ya rubuta wani. Abin da zaɓen iri yake yi cikin shekara hamsin, wannan tana iya yinsa a haihuwa ɗaya.

A Nijeriya an yi doka a 2015 wadda ta kafa hukumar NBMA don sa ido a kan wannan aiki, aka faɗaɗa dokar a 2019 ta haɗa da gyaran ƙwayoyi. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da take huda kwanso, wanda aka saki a Disamba 2019, da masarar TELA da aka saki a Janairu 2024, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fito. Waɗannan tsirrai ne, gardamarsu dabam ce. Wake ba ya ɗingishi. Idan aka zo kan dabba, akwai mai rai na uku a cikin cinikin, ban da mai saye da mai sayarwa.

Farkon aikin bai yi kyau ba. A shekarun 1980, a wata gonar bincike ta gwamnatin Amurka a Beltsville, an dasa wa aladu ƙwayar da take sa girma, ta mutum da ta shanu, don su yi nama maras kitse. Naman ya rage kitse kam, amma aladun suka cika da gyambon ciki, da ciwon gaɓoɓi, da ciwon ƙoda da na zuciya. Aka daina. Wani kifi mai saurin girma da Amurka ta amince da shi a 2015, shi ma kamfaninsa ya daina kiwonsa a ƙarshen 2024.

Aikin baya-bayan nan ya fi karkata ga cuta da wahala. Turawa masu shanun madara sukan ƙona tsiron ƙahon maraƙi da ƙarfe mai zafi don kada shanu su soki juna a cikin ɗaki. Wani kamfani a Amurka ya gyara ƙwayar gado aka haifi maruƙa biyu marasa ƙaho a 2015, ya ce bai taɓa komai ba sai wannan wuri. A 2019 ma'aikatan hukumar abinci da magunguna ta ƙasar suka sake duba bayanan, suka tarar da guntun gadon ƙwayar bakteriya a maƙale a wurin, har da mai sa ta ƙi jin magani. Shirin yaɗa irin a Barazil ya tsaya. Masu aikin ƙwararru ne, duk da haka abin ya wuce idonsu. Wannan ya isa ya nuna mana amfanin hukumar da ba ta cin abinci a hannun mai kaya.

Murar tsuntsaye kuwa mun san ta. A Fabrairu 2006 aka tabbatar da ita a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, ta kuma sake dawowa a 2015 ta Kano da Legas. A 2023 masana a Cibiyar Roslin ta Sikotilan suka gyara ƙwaya ɗaya a jikin kaji, suka shaƙa musu cutar. Cikin goma, tara ba su kamu ba. Da aka ninka cutar sau dubu sai biyar suka kamu, ita cutar kuma ta soma sauya kanta don ta sami hanya. Gwaji ne kawai, kajin ba su shiga kasuwa ba. A Afrilu 2025 Amurka ta amince da aladun da aka gyara don kada su kamu da wata cutar huhu da ɓari da take kashe 'ya'yan aladu. A Maris 2022 kuma ta ba da hanya ga shanun da aka gyara su zo da gajeren gashi mai santsi don su jure zafi. Wannan na ƙarshe ya ba mu murmushi, gama Bunaji da Bokoloji da irin wannan riga aka haife su.

Maganar makafin kaji

Yaya za mu auna duk wannan? Akwai wani labari na gaskiya da masana suke yawan kawowa, muna ganin ya fi dogon bayani.

Kajin da aka cunkusa wuri ɗaya sukan shiga tsattsagar juna, su fige gashi, su huda fata, har su kashe 'yar'uwarsu. Shi ya sa ake yanke musu tsinin baki. To, an sami wani irin kaji da ake haifa makafi, haka suka zo. A 1985 masana a Jami'ar British Columbia suka gwada su da masu gani. Makafin suka fi yin ƙwai, da abinci kaɗan, gashinsu kuma bai lalace kamar na masu gani ba. Sai tambaya ta taso: tun da makauniyar kaza ba ta damu da cunkoso kamar mai gani ba, me zai hana a mai da kajin gidan gona duka makafi? Ga riba, ga kuma raguwar wahala.

Mu ba da wannan tambaya ga kowace tsohuwa a Kwatarkwashi ko 'Yandoto, ba za ta yi dogon tunani ba. Za ta ce, ɗakin ne ya yi kaɗan, sai ku cire wa kaza ido? Lissafin masanin daidai ne a takarda, amma tsohuwar ta fi shi gaskiya. Matsalar a ɗaki take. Mutum ne ya gina ɗakin, shi ya cunkusa kajin, sannan ya juya yana neman ya rage kazar don ta dace da kuskurensa. An yi makamancin wannan a Isra'ila a 2002, inda wani masani ya haɗa iri ya fitar da burola tsirara, ba gashi ko ɗaya, don ta jure zafi. Ita ma ba a ɗakin gyaran ƙwayoyi aka yi ta ba.

Wani malamin jami'a a Amurka, Bernard Rollin, wanda ya daɗe yana koyar da likitocin dabbobi, ya ba da ma'auni a 1995: duk sauyin da za a yi wa dabba, kada 'ya'yan su fi iyayensu shan wahala. Mun yarda da wannan ma'auni. Da shi aladun Beltsville sun faɗi. Abin da ba a cika so a ji ba shi ne, burolar da take ɗakinmu ita ma ta faɗi. Amma labarin makafin kaji ya nuna ma'aunin bai isa shi kaɗai ba. Sai an ƙara tambaya: wannan gyara, cuta yake warkarwa, ko kuwa laifin mai kiwo yake rufewa? Kazar da ba ta kamuwa da murar tsuntsaye alheri ce ga kaza da mai ita, ba mu ga dalilin ƙinta ba in an tabbatar da lafiyarta. Amma idan an yi ta ne don a iya zuba dubu goma inda dubu biyar suke, an warkar da ita daga cuta ɗaya an jefa ta cikin wata.

Waɗansu 'yan'uwa suna cewa bai kamata mutum ya sa hannu cikin halitta ba ko kaɗan, wannan hurumin Mahalicci ne. Ba mu raina wannan tsoro ba, yana hana girman kai. Amma mu tuna mun daɗe muna sa hannu. Muna dandaƙar bijimi, muna haɗa jaki da goɗiya a sami alfadari, muna zaɓen iri. Burola ta nuna ana iya cutar da halitta ba tare da sabon kayan aiki ba. A ganinmu kiwo amana ne, kuma a kan wannan ba mu da saɓani da maƙwabtanmu Musulmi. Mai amana kuwa, abin da za a tambaye shi shi ne halin da ya bar abin da aka ba shi. Sabo da kaza ba ya hana yankanta, ba kuwa wanda ya ce a daina cin nama. Maganar ita ce kwanakin da ta yi a hannunmu kafin wuƙa.

Akwai kuma maganar mallakar iri. Yawancin burolar duniya daga kamfanoni biyu ne, Aviagen mai Ross da Arbor Acres, da kuma Cobb. Tsakon da muke saya haɗi ne na zuriya dabam-dabam da suke hannun kamfani. Ko an bar shi ya girma ya hayayyafa, 'ya'yan ba za su yi kamarsa ba, sai a koma a sake saye. Dabbar da aka gyara a ɗakin bincike za ta zo da takardar mallaka a kan wannan. Manomin da ba shi da iri a gida, farashin da aka yanka masa shi zai biya.

Kada mu yi wa kanmu kirari

Da sauƙi mu zagi manyan gonakin Turawa mu manta da namu. Kazar gida tana yawo, amma shirwa tana ɗebe mata 'ya'ya, hunturu kuma ya zo da annobar nan da likitoci suke kira Niyukasil ta share gida, alhali Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom tana yin rigakafinta, har da iri mai jure zafin hanya. Muna ɗaure kaji goma ƙafa ɗaya mu rataya a babur kai a ƙasa, daga Bungudu har Gusau cikin rana. Ragon turke yakan yi wata uku da igiya mai taku biyu a ɗaki mai duhu. Jaki yana da gyambo a baya ana ɗora masa mangala. Shanun da ake lodawa a tirela zuwa Legas sukan yi kwanaki a tsaye. Ba kamfanin waje ya koya mana waɗannan ba.

Ga kuma maganin kafso mai ja da rawaya da ake zuba wa kaji a ruwa kullum, ko suna ciwo ko ba sa yi. Sau da yawa ana yin haka ne don a rufe ƙazantar ɗaki da cunkoso. Ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin, ranar da yaro ya kwanta aka ba shi irinsa sai ya ƙi ci. Tarayyar Turai ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabba don saurin girma tun Janairu 2006.

Shawara ga taron bana

Ba mu ce kowa ya bar burola ba. Akwai gwauruwar da kuɗin makarantar 'ya'yanta daga nan yake fitowa. Amma ƙungiya tana da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi, gama ita take ba da rance, tana iya sa sharaɗi.

Kafin a ba mutum tsaki, mutum biyu daga kwamiti su je su ga ɗakin. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi kada ya wuce manyan kaji 100, da zafi kuwa a rage. Tsawon ɗakin ya bi gabas da yamma, bangon gefe ya zama gajere, sauran a sa waya mai raga, a shimfiɗa ciyawa ko zana a kan kwanon. A ƙasa a zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri, a riƙa juyawa. Mai dubawa ya tsuguna daidai tsayin kaza. In wari ya sa idonsa yaji, to, haka kajin suke sha dare da rana. Bayan makon farko a kashe fitila awa shida kowane dare, kaza ta yi barci, ƙashi ya sami lokacin kamo nama. Da tsakar rana mai zafi a ɗauke abinci a bar ruwa mai sanyi, a mayar da yamma. Kazar da ta kasa isa wurin ruwa kada a bar ta tana ja da ciki, a yanka ta a ranar, in ba tana kan magani ba. Kowane magani kuwa yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a ci ƙwai, malamin dabbobi zai karanta muku a jikin takardar.

Zubin da zai kai mako na biyar cikin Afrilu ko Mayu, shawararmu ita ce ƙungiya kada ta ba da rancen burola dominsa sam, sai ga mai ɗakin da aka tabbatar yana da iska.

Akwai kuma iri na tsakiya da ya kamata a yi tunaninsu. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown domin yanayin ƙasar nan, aka yi mata rajista a 2000. Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha, aka yi mata rajista a 2018. Noiler kuwa ta kamfanin Amo ce da yake Awe a Jihar Oyo, ana kiwonta don nama da ƙwai. An gwada waɗannan iri a gidajen ƙananan manoma a jihohi biyar, har da maƙwabciyarmu Kebbi, a wani shiri da aka fara a 2015. Irin su Noiler sukan ɗauki wajen wata uku ko fiye kafin su isa sayarwa, kuɗi yana daɗewa bai dawo ba, wannan gaskiya ne. Amma suna tafiya da ƙafafunsu, suna tono su rage kuɗin abinci, ba sa kuwa zubewa da zafi kamar burola. Su ma dai daga gidan ƙyanƙyasa ake sayensu. Saboda haka kowane gida ya riƙe kajin gida ko da biyar ne da zakara, musamman masu wuya ba gashi, waɗanda suka fi jure zafi. Kazar gidan gona ba ta cika kwanci ba, ta gida ce za ta ƙyanƙyashe nata ƙwai, ta haɗa da na zabi.

Sakataren kowace ƙungiya ya buɗe littafi. A rubuta irin da kowa ya saya, da yawansu, da girman ɗakin, da watan da aka zuba, da adadin da suka mutu kowane mako, da waɗanda suka gurgunce. A kawo littattafan taron Janairu, na Tsafe da na Bungudu da na Gusau, a ajiye su gefe da gefe kafin a yanke shawarar zubi na gaba.